Na sake kamuwa da korona bayan na warke na kuma yi rigakafi, maigidana yace gwajin ƙarya ne

Anti barka da aiki, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce, shekaruna 31, ina goyon yarinya 'yar wata bakwai. A tsakiyar 2021 na kamu da korona, ba a kwantar da ni ba amma na ji jiki, hancina ya daina jin ƙanshi na tsawon watanni, kasala kuwa har na fara tunanin ba zan koma daidai ba. Bayan na warke nayi allurar rigakafi guda biyu. To shekaranjiya na tashi da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, jiya nayi gwajin nan na gida mai fitar da layi, layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro. Maigidana yace ƙarya ne, wai ragowar ta baya ce gwajin yake gani, in kuma gaskiya ne to allurar da aka yi mana aikin banza ce kenan. Mahaifiyarsa tare muke zaune, ta haura 70, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma allura ɗaya kawai tayi. Yace kar in kuskura in gaya mata don kar hankalinta ya tashi, sannan ya sayo deksametason da kulorokwin da antibayotik yace a fara bata tun kafin ta kama. Hankalina bai kwanta ba sai na ɓoye magungunan, yanzu ko magana baya yi min. Anti garkuwar jikina ce ta lalace ko wata cuta ce da ni a ɓoye? Haka zan yi ta kamuwa kenan? In Mama ta kama akwai magani? In daina shayar da yarinyar? In wani abu ya samu Mama ban san da wane ido zan kalli danginsa ba.

Ƙanwata sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Tambayar da ta fi hana ki barci ba ita ce ta fi gaggawa ba, don haka kiyi haƙuri in fara da mai gaggawar, maganar garkuwarki za mu zo kanta kuma tun yanzu ina gaya miki ba abin tashin hankali a ciki.

Magungunan nan da kika ɓoye kin yi daidai wallahi, su ci gaba da zama inda kika sa su. Deksametason magani ne na gaske ba wanda zai raina shi, a watan Yunin 2020 masu bincike na jami'ar Oxford suka fitar da sakamakon babban gwajin da suka yi a asibitocin Birtaniya a kan marasa lafiya sama da 6,000, suka ga ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a waɗanda aka sa wa na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a waɗanda ake ba oksijin kawai. Daga nan sunansa ya cika duniya kowa ya riƙe. Abin da mutane ba su riƙe ba shi ne ragowar sakamakon, cewa waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfane su da komai ba, har ma akwai alamar ya ɗan cutar da su. Dalili kuwa aikinsa shi ne danne garkuwar jiki. In ciwo ya yi nisa, garkuwar ce da kanta take wuce gona da iri har huhu ya kumbura, a nan ne danne ta yake ceton rai, amma a farkon kamuwa ko kafin kamuwa garkuwar nan ita kaɗai ce take tsaye wa mutum, kinga in aka danne ta a lokacin an buɗe wa cutar hanya kenan. Sannan ga suga, wannan magani yana tashin suga sosai ko ga mai lafiya balle Mama. A Indiya a 2021 an ga yadda wata muguwar cutar fungas mai cin hanci da ido ta dinga kama dubban masu korona, akasarinsu masu ciwon suga ne da aka ba irin wannan magani. Kulorokwin kuma an gwada ɗan'uwansa haidroksikulorokwin a wancan gwajin na Oxford bai rage mutuwa ba, an gwada shi a kan waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar bai hana su kamuwa ba, ga shi yana iya rikita bugun zuciya. Antibayotik kuwa baktiriya yake kashewa, korona bairos ce, ba ruwansu da juna sai in likita ya ga wata cutar ta hau kan huhun daga baya. Ibamektin ma, maganin tsutsa, in wani ya kawo shawararsa, manyan gwaje-gwaje ba su ga amfaninsa ba.

Toh maganar maigidanki cewa ragowar ta baya ce. Ba daga kansa ya ƙago ta ba, tana da asali, kuma in za kiyi masa magana ki fara da yarda da wannan. A Afrilun 2020 a Koriya ta Kudu ɗaruruwan mutanen da suka warke aka sake gwada su aka ga alamar cutar, hankali ya tashi, da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bi diddigi sai ta ga gwajin PCR, wanda ake yi a ɗakin gwaji, ne yake tsintar ɓurɓushin matacciyar ƙwayar cutar, an yi ƙoƙarin raya ta a ɗakin gwaji bata rayu ba, kuma ba a ga sun shafa wa na kusa da su ba. Amma wannan ɓurɓushi iyakarsa kamar wata uku ne. Ke naki ya fi shekara. Kuma gwajin da kika yi ba PCR ba ne, na gida mai layi biyun nan sai ƙwayar cutar tana da yawa a hanci yake kama ta, kuskuren da ya fi yi shi ne yace babu alhali akwai, ba kasafai yake cewa akwai alhali babu ba. Ga zazzaɓi ga maƙogwaro ga layi biyu, sabon kamuwa ne, kuma a yanzu haka kina cikin kwanakin da aka fi yaɗa ta.

Sake kamuwa kuma ba ke aka fara a kanki ba. Tun watan Agustan 2020 aka tabbatar da na farko a Hong Kong, wani mutum mai shekara 33 da ya dawo daga Sifen, wata huɗu da rabi bayan kamuwarsa ta farko, aka duba ƙwayoyin cutar biyu aka ga kowace da zubinta, kuma a karo na biyun ko tari bai yi ba, a filin jirgi aka gano shi. Ba da jimawa ba aka samu wani saurayi mai shekara 25 a jihar Nebada ta Amurka wanda na biyun ya fi na farkon tsanani har sai da aka ba shi oksijin. Na kawo miki su biyun ne don kar in yi miki daɗin baki, galibi na biyu ya fi sauƙi amma ba kullum ba. A wancan lokacin dai abin ba shi da yawa, wani bincike a kan ma'aikatan lafiya na Birtaniya ya ga wanda ya taɓa kamuwa haɗarin sake kamuwarsa ya ragu da sama da kashi 80 cikin ɗari na wajen wata bakwai, a Danmak ma kusan haka aka gani sai dai ga waɗanda suka kai shekara 65 kariyar ta sauko zuwa kashi 47, ki riƙe wannan lambar saboda Mama. Abin ya sauya ne da nau'in Omikron da aka fara ba da rahotonsa daga Afirka ta Kudu a ƙarshen Nuwamban 2021, ya zo da canje-canje sama da 30 a jikin ƙayar nan da ƙwayar cutar take maƙalewa da ita, wadda kuma ita ce garkuwar jiki ta fi ganewa. Daga nan sake kamuwa ya zama ruwan dare. Ke a tsakiyar 2021 kika kamu, wato kafin Omikron ya fito, wadda ta kama ki yanzu jikinki bai taɓa haɗuwa da irinta sak ba.

Shin garkuwarki ta lalace? A'a. Idan mutum ya kamu ko aka yi masa rigakafi, jikinsa yana zuba wasu sinadarai a jini da ake kira antibodi, su ne suke tare ƙwayar cutar kafin ta shiga, amma ba sa zama da yawa har abada, bayan 'yan watanni sai su ja baya, haka jikin kowa yake yi. Abin da yake zama shi ne ƙwayoyin tuni, na B da na T. Kamar hadda ce da aka daɗe ba a yi tilawarta ba, in aka tsare ki bagatatan za ki ɗan yi inda-inda, amma da an ja miki baki sai ta dawo, ba kamar wanda bai taɓa karantawa ba sam. Matsalar ita ce dawowar tana ɗaukar 'yan kwanaki, ita kuma Omikron kwana biyu uku ya ishe ta ta hayayyafa a hanci da maƙogwaro, shi ya sa kika ji zazzaɓi. Amma kafin ta gangara huhu ta yi ɓarna an riga an farka mata. Wannan shi ne bambancinta da ƙyanda, ƙwayar ƙyanda sai ta yi kwana goma ko fiye tana bi ta jini kafin ta nuna kanta kuma ba ta sauya kamanni yadda za ta ɓace wa garkuwa, shi ya sa wanda ya yi ta sau ɗaya ya gama. Korona kuwa tana da 'yan uwa guda huɗu da suke sa mura tun da daɗewa, kuma an bi wasu mutane shekaru da dama a Holan aka ga suna sake kamuwa da su, sau da yawa bayan shekara guda. Tunin kansa kuma yana daɗewa, a Singafo an duba waɗanda suka yi SARS, wata 'yar uwar korona da ta ɓarke a 2003, aka samu ƙwayoyin T ɗinsu suna gane ta bayan shekara 17. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a Fabrairun 2023, wanda ya tattara bincike 65 daga ƙasashe 19, ya nuna abin ƙarara, bayan wata goma kariya daga sake kamuwa da Omikron na farko ta sauko zuwa wajen kashi 36, amma kariya daga kwanciya asibiti ko mutuwa tana nan wajen kashi 88.

Don haka kamuwa biyu cikin fiye da shekara, a lokacin da cutar take yawo ko'ina, ga ki da goyo ba kya samun isasshen barci, ba alamar wata ɓoyayyiyar cuta ba ce. Abin da zai sa a binciki garkuwar mutum shi ne in cututtuka iri-iri suna ta kama shi a jere, ko yana ramewa ba dalili, ko zazzaɓi da gudawa sun ƙi tafiya makonni. Ba ki ambaci ko ɗaya ba. Ko za ki sake kamuwa nan gaba? Mai yiwuwa ne, ba zan ce miki a'a ba, amma wanda ya haɗa kamuwa da rigakafi kamar ke yana cikin waɗanda suka fi kowa kariya daga mai tsanani.

Shi kuma da yace allurar aikin banza ce, tsakani da Allah ina ganin inda haushinsa ya fito. A ƙarshen 2020 an yi ta shelar cewa allurar tana kare mutum kashi 95 cikin ɗari, mutane suka ɗauka an gama kenan har abada, alhali lambar ta nau'in farko ce kuma ta watannin farko bayan allura, ba a yi wa jama'a wannan bayanin yadda ya kamata ba. Mutumin da yake jin an yaudare shi ba ya son sake jin komai daga bakin ma'aikatan lafiya. Sai dai ki lura da wani abu, mutumin da ya yarda har zuciyarsa cewa gwajin ƙarya ne ba zai je ya sayo magani kala uku don mahaifiyarsa ba. Tsoro yake ji ƙanwata, tsoron da kike ji shi yake ji, shi dai nasa ya fito ta hanyar musu da sayen magani ne. Wataƙila kuma yana lissafin in aka ce akwai korona a gidan shi ma zama ya kama shi, aiki ya tsaya. Wannan ba ya wanke shi daga kuskuren, amma zai sauya yadda za ki tunkare shi.

Inda ba zan goya masa baya ba ko kaɗan shi ne ɓoye wa Mama. Mace ce babba mai hankalinta, jikinta ne, kuma ita ce wadda abin zai fi taɓawa. In ba ta sani ba za ta shigo ɗakinki duba ki, za ta karɓi jikarta daga hannunki ta zauna kusa da ke, in ta ji ɗan ɗumi a jikinta ko kasala za tace gajiya ce ta yi shiru kamar yadda iyayenmu suka saba, kuma wannan shirun shi ne babban haɗarin, don maganin da yake aiki a farkon ciwo yana da wa'adi. Tsofaffi ma sau da yawa ba sa yin zazzaɓi mai zafi, sai dai a ga sun daina cin abinci, ko barci ya yi yawa, ko magana ta fara rikicewa, ko suga ya hau ba dalili. A gaya mata yau, kuma ya fi kyau ɗanta ne zai faɗa, cikin natsuwa, cewa kin kamu, jikinki da sauƙi, za ki ɗan nisance ta na 'yan kwanaki, ita kuma duk abin da ta ji komai ƙanƙantarsa ta faɗa. Na tabbata ta ga abin da ya fi wannan a rayuwarta.

Yanzu tambayarki ko akwai magani in ta kama. Akwai, kuma halin da ake ciki ya fi na 2020 nesa ba kusa ba. Na gaba-gaba shi ne Paxlovid, ƙwayoyi ne da ake sha kwana biyar, an fara ba da izininsa a Amurka a Disambar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da shi ga masu haɗari a Afrilun 2022. A gwajin da aka yi a kan masu haɗari da ba su yi rigakafi ba ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89, amma sharaɗinsa a fara cikin kwana biyar da fara jin alamu, don aikinsa hana ƙwayar cutar hayayyafa ne, in ta riga ta gama yaɗuwa ba abin da zai tare. Kuma ba maganin da za a saya a ba ta haka kawai ba ne, a cikinsa akwai ritonabir wanda yake rage wa hanta saurin sarrafa wasu magunguna sai su taru a jini, ciki har da wasu na kitsen jini, wasu na hawan jini, da wasu na tsinka jini, sannan dole a san lafiyar ƙodarta kafin a yanke yawan da za ta sha, mai suga da hawan jini na shekaru kuwa ƙoda abin dubawa ce. In bai dace da ita ba akwai remdesibir da ake sawa ta jijiya kwana uku a jere a makon farko, akwai kuma molnupirabir wanda ƙarfinsa bai kai nasu ba kuma ba a ba mai ciki. Alluran antibodi da aka yi ta yabo a 2021 yawancinsu sun daina aiki da cutar ta rikiɗa. Ba ko'ina ake samun waɗannan magungunan ba, shi ya sa nake so a tambaya tun yanzu da take lafiya lau, ba ranar da ta kwanta ba. In ma babu su a inda kuke kar ki karaya, yawancin tsofaffin da suka kamu suna warkewa, abin da yake raba mai sauƙi da mai wuya sau da yawa shi ne sa ido a kan suga da numfashi da zuwa asibiti da wuri, a can kuma ga oksijin, ga maganin hana daskarewar jini, ga shi deksametason ɗin a lokacin da ya dace a hannun wanda zai dinga auna mata suga.

Abin da zan so ayi yau shi ne maigidanki ya tattara duk magungunan da Mama take sha, ya ɗauki hoton kwalayen yadda sunan da ƙarfin za su fito, ya kira likitan da yake duba ta ya gaya masa akwai mai korona a gidan, ya tambaye shi in ta nuna alama me za ayi, ina za a je, kuma wane magani ne ba zai haɗu da nata ba. Ayi mata gwaji yanzu, shi ma yayi, in babu a sake bayan kwana biyu ko da zarar ta ji wani abu, don kin fara yaɗawa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ki ji zazzaɓin. Kar ta daina maganin suga ko na hawan jini da kanta, a ƙara yawan auna sugan. In za ku iya samun 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna oksijin ku samu. A sa ta a yatsan da ba fenti a farce, hannu da ɗumi, tana zaune ta huta, a jira kamar minti ɗaya lambar ta tsaya kafin a karanta. In ta nuna 93 ko 94 a kira likita, in 92 ce ko ƙasa a tafi asibiti ba jira. Amma ki sani wani bincike a jami'ar Mishigan a ƙarshen 2020 ya gano na'urar tana yawan nuna lamba sama da gaskiya ga masu duhun fata, don haka in Mama tana haki, ko ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi, ko ƙirji na ciwo, ko ta rikice, ku yarda da idonku ku bar na'urar.

Ke kuma ki koma ɗaki ɗaya, taga a buɗe, don ta iska cutar ta fi bi, goge-gogen ƙofa da kujeru bai kai buɗe taga amfani ba. In dole ki fito ki sa takunkumi mai kama fuska sosai, kar ku ci abinci wuri ɗaya da Mama, in banɗaki ɗaya ne ki bari iska ta ratsa bayan kin fito. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Janairun 2023 ita ce mai alamu ya killace kansa kwana goma daga ranar da ya fara ji, ana iya ragewa in gwajin gida ya nuna babu, amma da yake akwai irin Mama a gidan ni da za ki bi tawa ki cika goman. In akwai wani ɗanta ko 'yarta da za ta iya komawa wajensu to sai an gwada ta tukuna kuma ba wani mai rauni a can, don ba mamaki ta riga ta ɗauka. Parasitamol don zazzaɓi, ruwa da yawa, hutu. Masu zuwa duba ki su yi haƙuri su kira a waya.

Yarinya kuma kar ki yaye ta, ki ci gaba da shayarwa. Ba ta nono cutar take bi ba, ta numfashi ne, nonon ma yana ɗauke da antibodin da jikinki yake yi a yanzu. Ki wanke hannu, ki sa takunkumi lokacin da take sha, ita dai ba a sa mata takunkumi. Sai dai ki ɗauka ita ma tana iya ɗauke da cutar, don haka kar a dinga kai ta wajen kakarta a kwanakin nan, na san wannan zai fi komai yi wa Mama ciwo, a dinga nuna mata ita daga nesa ko ta waya. In ta ƙi kama nono, ko numfashinta ya yi sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko fitsarinta ya ragu sosai, ko ta yi laushi ba ta kuzari, a kai ta asibiti.

Sai maganar da ke tsakaninku. Ɓoye maganin ya yi amfani amma ya taɓa shi, ya ji kamar kin nuna kin fi shi son mahaifiyarsa ko kin raina hankalinsa. Kar ki jira ya sauko, lokaci ba ya jiran fushi. Ki tura masa saƙo ko kiyi masa magana daga bakin ƙofa, kice kin san don Mama ya sayo, kin ɓoye ne don kin ji ɗaya daga ciki yana tashin suga, ga su nan ba ki zubar ba, ya karanta wa likitanta sunayensu, duk abin da likita yace kin yarda. Kinga kin fitar da kanki daga matsayin mai ja da shi, hukunci ya koma hannun wanda ba zai ji kunyar sauka a gabansa ba. Maganar ko allura tana aiki ko ba ta aiki ki bar ta, ba yau ba, ba sai ya yarda da ke a kan wannan ba kafin ya kira likita. In ya ƙi sam, ko kika ga zai sayo wasu ya ba ta a bayan idonki, to ki kira wanda yake jin maganarsa a cikin 'yan uwansa ki faɗa masa abin da ake ciki, zai ji haushi na ɗan lokaci, wannan mai gyaruwa ne. Wannan kuma shi ne amsar tsoron da kike yi na dangi, in sun ji daga bakinku tun yau cewa kin kamu kuma ga matakan da aka ɗauka, ba mai cewa an ɓoye masa. Ke ba ki je kin nemo cutar ba, ba ma wanda ya san ta inda ta shigo gidan, zai iya yiwuwa shi da yake fita kullum ya kawo ta ba tare da ya ji komai a jikinsa ba, ba don ki jefa masa wannan na faɗa ba, don ki sauke wa kanki ne.

Na ga tsoron kasalar nan ta baya a cikin wasiƙarki duk da ba ki tambaya kai tsaye ba. Kowane kamuwa yana iya barin saura, amma wani bincike na King's College da ke Landan a 2022 ya ga masu fama da doguwar korona, wato alamun da suke ƙin tafiya na tsawon makonni, bayan Omikron wajen kashi 4 da rabi ne cikin ɗari, bayan nau'in Delta da ya riga shi kuwa kusan kashi 11, ɗaukewar ƙanshi ma ta ragu sosai da Omikron. Abin da yake hannunki shi ne kar ki yi gaggawar komawa aiki mai nauyi da zarar zazzaɓi ya sauka, ki dawo a hankali. In an kai wata uku kina haki ko bugun zuciya ko gajiyar da hutu ba ya maganinta, ki ga likita kice a duba miki har da ƙarancin jini da maƙoƙo, don mai goyo tana iya samun waɗannan kuma alamunsu iri ɗaya ne da na doguwar korona, kar a ɗora komai a kanta a bar abin da yake da magani mai sauƙi. In komai ya lafa, Mama ta ƙarasa allurarta, in ta kamu a wannan karon likita zai sa ta jira 'yan watanni, in ba ta kamu ba da zarar kwanakin sa ido sun wuce sai a kai ta, ke ma ki tambaya yaushe ya kamata kiyi ta ƙari, shayarwa ba ta hana. Allah ya ba ku lafiya baki ɗaya.